Jarrabawar Addini Ba Ta Kama Maƙaryaci: Martani Kan Masu Neman Mafaka

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya yi a kan masu neman mafaka a Turai da hujjar ana tsangwamarsu saboda addini, kuma tun da na ajiye ta raina bai kwanta ba. Malam mutum ne da nake ganin girmansa, alƙalaminsa kuma na da masu sauraro, shi ya sa bai kamata maganarsa ta wuce babu amsa ba. Abin da ya ce a taƙaice shi ne, yawancin masu wannan da'awa 'yan damfara ne da ke sayar da addini don takardar zama, maganinsu kuwa a zaunar da su a yi musu jarrabawa a kan addinin da suke iƙirari, wanda ya faɗi a sa shi a jirgi. Ya ƙara da cewa ko wanda ya ci ma babu dole a karɓe shi, tunda imani a zuci yake: ya koma gida, ya kama bakinsa, ya bauta wa Ubangijinsa a ɗaki.

Malam ya jingina hujjarsa da labarin Abdul Ezedi, kuma labarin na da nauyi. Ɗan Afganistan ne da ya shiga Birtaniya a 2016, aka ƙi buƙatarsa sau biyu, a 2018 kotu ta same shi da laifin cin zarafi ta hanyar lalata, amma a 2020 alƙalin ɗaukaka ƙara ya ba shi mafaka bayan ya ce ya koma Kirista, wani fasto kuma ya tsaya masa shaida. Ranar 31 ga Janairu 2024 ya watsa wa wata mata da 'ya'yanta biyu sinadari mai ƙuna a unguwar Clapham da ke Landan. Daga baya aka tsamo gawarsa a kogin Thames, aka yi masa jana'iza irin ta Musulmi. A cikin wannan ƙura ce tsohuwar ministar harkokin cikin gida, Suella Braverman, ta rubuta a jaridar Telegraph cewa coci-coci na taimaka wa da'awar ƙarya kamar ana buga ta a masana'anta. Malam ya ɗauko wannan ya kawo mana. Abin da bai kawo ba shi ne, a watan Maris na shekarar, da kwamitin majalisar dokoki ya zauna a kan batun, ministan da ya wakilci gwamnati ya ce ba su da hujjar da ke nuna abin ya zama ruwan dare. Bai kuma ambaci cewa Emad Al Swealmeen, wanda bam ya tashi da shi cikin tasi a ƙofar asibitin mata na Liverpool a Nuwamba 2021, ya karɓi Kiristanci a babban cocin birnin, amma har ya mutu bai samu takardar mafaka ba.

Na san abin da Malam zai ce. Jami'an gwamnati sun yi wa Ezedi tambayoyi a kan Kiristanci, ya yi tuntuɓe a wasu, to ga shi jarrabawa ta yi aiki, alƙali ne ya ɓata ta. Amma alƙalin da kansa ya rubuta cewa mutumin ya yi ƙarya a wurare da dama cikin labarinsa, ga kuma hukuncin kotu a wuyansa. Waɗannan su ne ya kamata su rinjayi shaidar faston. Kuskuren yana wurin auna shaidu, kuma a nan ya kamata a gyara. Don jarrabawa ta dace da gaskiya a kan mutum guda, wannan bai wanke ta ba; sai mun duba su wa take kayarwa a sauran ranaku.

Bari in faɗi inda nake tsaye, kada a yi mini wata fassara. Ni Musulmi ne, kuma ba na jin daɗi in ji wani ya bar Musulunci, balle a ce don takarda ya bari. Na tabbata wannan zafin ne ya tura alƙalamin Malam. Sai dai ƙofar da yake neman a toshe ba ta masu shiga coci kaɗai ba ce. Ta nan Musulmin Rohingya ke shiga, waɗanda sama da 700,000 daga cikinsu suka tsere daga Miyanma zuwa Bangladash a 2017. Ta nan Uigur na ƙasar Sin ke shiga, da Yazidawan Sinjar da 'yan ISIS suka far wa a Agusta 2014. Duk ma'aunin da aka kafa wa ɗaya, shi za a ɗora wa saura.

Yarjejeniyar 'Yan Gudun Hijira da aka sa wa hannu a Jeniba ranar 28 ga Yuli 1951, tare da ƙarin da aka yi mata a 1967, ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda yake wajen ƙasarsa kuma yake da tsoro mai tushe na za a gallaza masa saboda asalinsa, ko addininsa, ko ƙasarsa, ko rukunin jama'ar da yake ciki, ko ra'ayinsa na siyasa. Sashe na 33 ya hana a mayar da shi inda rayuwarsa ko 'yancinsa ke cikin haɗari. Ba ta nemi taƙawa daga kowa ba, ba ta nemi ilimi ba. Tambayar da ke gaban jami'i ita ce, in aka mayar da wannan mutum, me zai same shi a filin jirgi, me zai same shi a unguwarsu, me zai same shi a gidan ubansa? Dokar Tarayyar Turai ta 2011 ta fito da abin fili: ko mutum ba ya riƙe da addinin a haƙiƙa, muddin mai gallazawar ya ɗauke shi a matsayin mai riƙe da shi, to wannan ba ya hana a karɓi tsoronsa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A 2014, lokacin da 'yan anti-balaka suka yi ta farautar Musulmi a Bangui har dubban mutane suka kwarara Chadi da Kamaru, cikinsu har da Hausawa da Fulanin da aka haifa a can, babu wanda ya tsaya binciken ko mutum na sallar asuba a kan lokaci. Suna da riga da unguwa sun wadatar. Wanda ya ga rikicin Kaduna na 2000 ko na Jos na 2001 ya san haka aka yi wa ɓangarorin biyu.

Jarrabawar da Malam ke kira a yi, an daɗe da gwada ta. A Yuni 2016 wata ƙungiyar 'yan majalisar Birtaniya daga jam'iyyu daban-daban, mai bin diddigin 'yancin addini, ta fitar da rahoto a kan yadda ake yi wa irin waɗannan mutane tambayoyi. Ana cewa mutum ya jero Dokoki Goma, ya faɗi yawan littattafan da ke cikin Baibul, ya faɗi ranar Fentikos. A yi tunanin wanda ke zaune a wannan kujera. Ba'iraniye ne da ya koyi abin da ya koya a wani ɗaki a ɓoye, su shida ko bakwai, labule a sake, murya ƙasa-ƙasa, domin hukuma ta rufe coci-cocin da ke ibada da harshen Farisa, ciki har da babban cocin Assemblies of God na Tehran a 2013. Littafin ma aro ake ba shi ya mayar. Yanzu ga shi gaban jami'i, tsakaninsu tafinta, wanda sau da yawa bai san kalmomin coci ba, ko kuma ɗan ƙasarsu ne da mai neman mafakar ke tsoron buɗe cikinsa a gabansa. Rahoton ya yi kukan wannan matsala ta tafinta ƙarara. Sai a fassara kalma a karkace, jami'i ya rubuta cewa mutumin bai san addininsa ba.

A Maris 2019 kuma wata wasiƙa ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Birtaniya ta fito fili. Wani Ba'iraniye ya ce ya shiga Kiristanci ne don ya ga addinin zaman lafiya ne. Sai jami'in ya tsinto ayoyi daga Littafin Firistoci da Fitowa da Matiyu da Wahayin Yahaya, masu maganar yaƙi da azaba, ya ce waɗannan sun ƙaryata da'awarsa, ya ƙi shi. Sai da aka yi ca kafin ma'aikatar ta yarda ta sake duba lamarin. Duk Musulmin da ya taɓa ganin an yanko ayar Alƙur'ani daga muhallinta an jefe shi da ita ya san wannan salo. Idan aka mayar da jami'in shige da fice malamin tauhidi, ƙarshen abin ke nan, kuma gobe Musulmi ne zai zauna a gabansa.

A je kowane ƙauye namu a samu tsohuwar da ta shekara hamsin ba ta sha azumi da gangan ba, goshinta har ya yi tabo. A ce ta jero farillan alwala bakwai kamar yadda suke a littafi, ko ta faɗi yawan surorin Alƙur'ani. Mai yiwuwa ta kasa. Ɗan boko mai wayo da bai damu da salla ba zai haddace duka cikin dare guda. Haka jarrabawar take a ofishin mafaka: wanda ya shirya ƙarya shi ne yake zuwa da hadda, domin dillalan da ke sayar masa da labari sun san tambayoyin. Mai gaskiya yakan zo ne da tsoro da ruɗewa. Shi ya sa Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a jagorar da ta fitar a 2004 kan da'awar addini, ta gargaɗi jami'ai cewa ƙarancin sani ba ya nuna ƙarya, musamman ga wanda aka hana shi karatun addininsa, ko mace da al'ada ta tsare. A 2006 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta soke hukuncin da aka yi wa wani ɗan Indunisiya mai suna Rizal, wanda aka ƙaryata Kiristancinsa don ya kasa amsa tambayoyin aƙida. Kotun Tsarin Mulkin Jamus kuwa a 2020 ta tsaya a tsakiya: alƙali ba dole ya ɗauki takardar baftisma a matsayin hujja ta ƙarshe ba, amma ba shi da hurumin yanke wa mutum hukunci a kan ingancin aƙidarsa.

Za a iya kawo mini aya ta 10 a Suratul Mumtahana, inda aka yi umarni da a jarraba matan da suka yi hijira zuwa Madina. Na yarda, kuma ita ce ma hujjata. Malaman tafsiri sun ruwaito cewa jarrabawar rantsuwa ce a kan dalilin fitowa: ba ƙin miji ne ya kawo ta ba, ba neman duniya ba, ba sha'awar wata ƙasa ba. Ba a tambaye su yawan surori ba, ayar kuma ta bar sanin haƙiƙar imaninsu ga Allah. Mun kuma san yadda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tsawata wa Usama bn Zaid da ya kashe mutumin da ya furta shahada bisa zaton tsoro ne ya sa shi, ya nuna masa cewa bai tsaga zuciyarsa ya gani ba. Bincike halal ne, wajibi ne ma. Abin da ake bincika shi ne labari da dalili da haɗari.

Maganar Malam ta biyu ta fi ta farko ɗaga mini hankali, wato mutum ya koma ya ɓoye. Kotunan Jamus sun daɗe a kan irin wannan ra'ayi: muddin mutum zai iya ibada a ɗakinsa, hana shi yi a fili bai kai gallazawa ba. Sai shari'ar wasu 'yan Ahmadiyya biyu daga Pakistan, da aka sakaya sunansu da Y da Z, ta je Kotun Tarayyar Turai. Ba na tare da Ahmadiyya a aƙida, kotun ma ba ta shiga wannan ba. Abin da ta duba shi ne, tun 1984 dokar Pakistan ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara uku ga ɗan Ahmadiyyar da ya kira kansa Musulmi ko ya yi wa'azin aƙidarsa, kuma ana kashe su: a Mayu 2010 an hallaka sama da 80 a wuraren ibadarsu biyu a Lahore. Ranar 5 ga Satumba 2012 kotun ta yanke cewa hukuma ba za ta ƙi mutum da hujjar zai iya kauce wa haɗari ta hanyar barin ibadarsa ta fili ba.

Malam, ka ɗauki shawararka ka kai ta Shinjiyang, yankin Uigur a ƙasar Sin. A Afrilu 2017 hukumomin yankin suka kafa dokar da ta hana niƙabi da gemun da suka ce ya saɓa wa al'ada. A Agusta 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce tsare mutanen da ake yi a can mai yiwuwa ya kai laifin cin zarafin bil'adama. Bisa ƙa'idarka, Ba'uiguren da ya kai Jamus sai a ce masa ya koma ya aske, matarsa ta yaye, ya yi salla a zuci. Ba na jin za ka iya rubuta wannan. A tarihinmu ma, Sarkin Gobir Nafata bai hana kowa imani a zuci ba. Rawani ya hana, da lulluɓi, ya ce wanda bai gaji Musulunci daga ubansa ba ya koma abin da ya tarar. Jama'ar Shehu Usmanu ba su ɗauki wannan a matsayin abin da za a zauna da shi ba, kuma a Fabrairu 1804, zamanin Yunfa, suka bar Degel zuwa Gudu. Na san an yi wa Ammar bn Yasir rangwame da azaba ta sa ya furta abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba. Rangwame ne ga wanda wuƙa ke wuyansa. Wanda yake da ikon kuɓutar da shi ba zai fake da wannan rangwamen ya mayar da shi hannun mai wuƙar ba.

Saura wanda ya sauya addini bayan ya isa Turai, kuma a nan zargi ya fi yawa, da dalili. Jagorar 2004 ɗin nan ma ta ce a zurfafa bincike a kan irinsa. Amma a 2016 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce wa Suwidin ba za ta mayar da wani Ba'iraniye ba sai ta auna abin da sauyin zai jawo masa, a Fabrairu 2024 kuma Kotun Tarayyar Turai, a wata shari'a daga Ostiriya, ta ce ba a ƙin irin wannan buƙata kai tsaye, sai an duba kowace ita kaɗai.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne kurakuran biyu ba nauyinsu ɗaya ba. In aka karɓi maƙaryaci, ana iya gano shi a ƙwace takardar, doka ta yarda da haka. In aka mayar da mai gaskiya aka rataye shi, babu ɗaukaka ƙara. Kotun Ƙolin Amurka a 1987 ta ce ko haɗarin ɗaya bisa goma ne, tsoro na iya zama mai tushe. Birtaniya ta ƙara tsananta ma'auninta a dokar 2022, ta ce sai mutum ya nuna cewa maganarsa kan addininsa da tsoronsa ta fi kusa da gaskiya. Kuma mafaka ba ƙofa ce a hangame ba. Ɗan Najeriya da ya ce ana neman ransa a garinsu, tambayar da zai fara cin karo da ita ita ce me ya hana shi komawa Legas ko Abuja, kuma a kan wannan ake ƙin da yawa.

To ta yaya ake kama maƙaryaci? Ta hanyar da ba ta da sauri. A bar mutum ya ba da labarinsa da bakinsa: wa ya fara yi masa maganar, a ina, me mahaifiyarsa ta ce ranar da ta ji, wace addu'a yake yi in dare ya tsala, me ya bari, me ya rasa. A sake tambayarsa bayan watanni a ga ko zaren na nan. A gwada abin da ya faɗa da abin da aka sani game da garinsu a wannan shekarar. Fasto ko limamin da ya rubuta masa takarda ya zo da kansa a yi masa tambayoyi, ya faɗi tun yaushe ya san shi da abin da ya gani da idonsa. A samar da tafinta da ya san harshen ibada, kuma a hukunta dillalan labari, don su ne ke ɓata wa masu gaskiya ruwa. Hadda ba ta jure irin wannan zama. Lokacin da Ƙuraishawa suka aika Amru bn Asi da Abdullahi bn Abi Rabi'a Habasha da kyaututtuka, abin da suka fi nema shi ne a miƙa musu masu hijira ba tare da an ji ta bakinsu ba. Najashi, sarkin Habasha, ya ƙi, ya sa aka kira su, Ja'afar bn Abi Ɗalib ya yi bayani, sannan sarki ya yanke hukunci.

Akwai ƙasar da ba ta ɗora wa kanta wannan wahala ba. Tailan ba ta sa hannu a yarjejeniyar 1951 ba. A 2014 ta kama ɗaruruwan Uigur da suka tsere daga Sin. A Yuli 2015 ta mayar da sama da 100 Sin. Wasu daga cikin sauran suka shekara goma a tsare a Bankok, wasu suka mutu a ciki, sannan ranar 27 ga Fabrairu 2025 ta sa 40 a jirgi zuwa Sin, duk da roƙon Majalisar Ɗinkin Duniya. Gwamnatin Sin ta ce baƙin haure ne kawai, Tailan ta karɓi tabbacin da aka ba ta cewa ba za a taɓa su ba. Ina roƙon Malam, in zai amsa mini, ya fara da waɗannan arba'in: wace tambaya zai yi musu a jarrabawarsa, kuma me zai ce su ɓoye in sun sauka?